Tazarar Ƙafar Hagu

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Yau ma mun kai Baba gashi asibiti. Tunda ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, hannun ya ɗan dawo, bakin ma ya daidaita har yana iya yi mini faɗa kamar da. Ƙafar ce ta ƙi. Jan ta yake kamar ta aro.

Malama Atika, mai yi masa gashin, ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce watannin nan na farko su ne na aiki. In yana takawa kullum, ƙafar za ta tuna aikinta. In kuma ya zauna, za ta sandare, keken marasa lafiyan nan ya zama nasa har ƙarshen rayuwa. A gabansa ta faɗa. Umma ta sunkuyar da kai, Baba ya ƙura wa bango ido.

Na lura da wani abu. In tana tafa masa hannu yana tafiya, takunsa yakan fi kyau, da ta daina sai ya rikice. Na tambaye ta, ta ce haka abin yake, kunne yana taya ƙafa. Wai, "Ba kai ne aka ce kana haɗa kiɗa a kwamfuta ba? To ga aiki ya same ka har gida."

Baba ya ci gaba da kallon bango. Amma na san abin da ke ransa: masallacin bakin layinmu. Mutumin da sahun gaba ya san shi tun kafin a haife ni, yanzu in an kira salla sai ya sa a juya masa keke ya fuskanci taga. Wannan juyin keken yana ci mini rai.

Talata, 8 ga Yuli

Na haɗa masa. Bugu ɗaya tak, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kowanne a kan layin da manhaja ta zana masa, ba gaba ba baya. Na kunna a ƙaramar sifika a tsakar gida gabana yana faɗuwa, don Baba da kiɗa ba su taɓa shiri ba.

Ya saurara, ya ce, "Wannan ai agogo ne." Na ce eh Baba, agogo ne. Ya ce to madalla.

Dole ya so shi. Duk shekarun aikinsa a safiyo ya yi su yana auna filayen mutane, abin da ya karkace ba ya shiga ransa. Ko tabarma aka shimfiɗa a karkace sai ya sa an gyara.

Ya taka. Ƙafar dama tana sauka kan bugu daram, hagu kullum a makare. Kafin ya kai gindin tankin ruwa ya haɗa gumi, yana harararta kamar ita ta jawo masa ciwon. Amma dai ya taka, alhamdu lillahi.

Alhamis, 10 ga Yuli

Ruwa tun safe, ba a taka ba. Baba ya ji daɗi, na gani a fuskarsa, kuma abin ya ba ni haushi.

Asabar, 12 ga Yuli

Na leƙa situdiyo a Doka, kwana biyu ban je ba. Ɗayyabu abokin aikina ya saurari kiɗan da na haɗa wa wata mawaƙiya, ya cire abin kunne ya ajiye a hankali kamar mai shirin yi mini ta'aziyya.

"Salim, kiɗanka fes, ba ƙura ba datti. Amma wallahi ko kaza ba zai ɗaga daga kan ƙwai ba."

Wai komai na jera kan layi kamar 'yan fareti. In bar wani bugun ya ɗan makara mana, wani ya ɗan riga, a nan rawa take. Na ce masa wannan ƙazanta ce. Manhaja ta zana maka layi, kai kuma ka ce sai gefen layi? Ya tuntsire da dariya, ya ce ɗan mai safiyo.

Ban yi dariya ba. Mawaƙiyar ma ba ta karɓi kiɗan ba, wai za ta yi tunani.

Talata, 15 ga Yuli

Abin mamaki yau.

So nake in san iya makarar da ƙafar hagu take yi, sai na ajiye waya a ƙasa na naɗi takun Baba da safe. Na kai situdiyo na buɗe a kwamfuta. Ga shi nan ƙuru-ƙuru: dogo, gajere, dogo, gajere. Takalmin dama ya ce tas, sanda ta ce ƙwal, na hagu ya ja ƙasa, shaa, sannan ya sauka. Na yanko guntu na sa yana maimaita kansa don in auna da kyau.

Ɗayyabu ya shigo da gasasshiyar masara a hannu. Tun daga bakin ƙofa kansa ya fara kaɗawa, bai ma sani ba. Ya ce, "Wa ya buga wannan?" Na ce Babana. Ya ɗauka wasa nake.

Ban san lokacin da na manta da awon ba. Na sa babban bugu a ƙarƙashin ƙafar dama. Na sa tafi a ƙarƙashin ta hagu, a inda take sauka a makare, ban ja shi kan layi ba. Na bar ƙarar takalmin da ta sandar yadda suke, don su ne gishirin. Tunda na fara wannan sana'a ban taɓa haɗa abin da ni kaina na kasa zama a kujera ba sai yau. To, Ɗayyabu ya yi gaskiya. Ba zan faɗa masa ba.

Laraba, 16 ga Yuli

Ya yi! Wallahi ya yi!

Na kunna masa sabon, ban gaya masa takunsa ne a ciki ba. Wannan kiɗan jiran ƙafarsa yake, ba ya barin ta a baya. Baba ya taso daga ƙofar falo har ƙofar gida, ya juyo ya dawo bai huta ba. Umma ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta kasa komawa.

Da ya zauna ya ce, "Agogon yau ya fi hankali."

Ji nake kamar in fita layi in yi ta ihu.

Lahadi, 20 ga Yuli

Ban san ta inda zan fara ba.

Tsofaffin abokan aikin Baba suka zo dubiya bayan azahar. Tunda ya kwanta ba ya yarda baƙo ya ga yana tafiya, a zaune yake karɓar kowa, da bargo a kan ƙafa. Yau da kansa ya ce, "Salim, kawo agogon nan." So yake su gani. Na kunna, ina ta washe baki.

Ya kai tsakiyar tsakar gida ke nan, Alhaji Zakariyya ya tafa hannu. Mutum ne mai barkwanci, ba da mugun nufi ya yi ba, na sani. Ya ce, "Kai! Yusha'u, ai wannan kiɗan tafiyarka ce sak! Ku ji sandar! Ku ji jan takalmin!" Har ya ɗan karkata kafaɗa yana bi. Sauran suka yi dariya.

Baba ya tsaya cak. Na ga ya kasa kunne, ya ji abin da bai ji ba ran Laraba. Ya ce, "Kashe." Sannan ya ce a miƙo masa keke.

Bayan sun tafi ya kira ni. Muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ɗingishin nawa ka naɗa ka mayar abin rawa?" Na fara bayani, ya ɗaga hannu. "Tashi ka ba ni wuri."

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Me ya sa ban cire ƙarar takalmin ba? Don ta yi mini daɗi a kunne, shi ke nan dalilin.

Litinin, 21 ga Yuli

Bai taka ba. Ya ce jikinsa ba daɗi, asibitin ma ba a je ba.

Laraba, 23 ga Yuli

Na durƙusa gabansa na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Umma ta same ni a bakin famfo. "Kai ma dai, Salim. Mutum yana ɓoye abu da bargo, kai ka sa masa sifika." Ba ta ɗaga murya ba, idonta ya yi ja. Ta ce ta roƙe shi ya taka ko da babu komai a kunne, ya ce mata ya gama zama abin kallo.

Juma'a, 25 ga Yuli

Ɗayyabu ya kira yana zumuɗi. Mawaƙiyar nan ta ji kiɗan takun Baba a situdiyo, ta ce shi take so, ba wani ba. Na hau napep na je, na goge shi a gabansa, har da kwafin da ke kwamfutarsa. Ya ce na haukace.

Da ƙyar na iya dannawa, don shi ne mafi kyawun abin da na taɓa yi. Haushin kaina nake ji, da na Alhaji Zakariyya, har da na Baba kaɗan, Allah ya yafe mini.

An tafi masallacin Juma'a an bar shi a bakin taga.

Litinin, 28 ga Yuli

Da ƙyar Umma ta shawo kansa muka je asibiti. Malama Atika ta lanƙwasa ƙafar sau ɗaya ta ɗago kai ta dube mu. "An zauna," ta ce. Ba tambaya ba ce. Ta ce gwiwar ta fara tauri.

Na bi ta waje na faɗa mata duk abin da ya faru. Na zaci za ta tausaya mini, sai ta ƙara mini da wani laifin. Wai ko da Alhajin bai yi dariya ba, kiɗan nan ba zai kai mu ko'ina ba. "Kai bin ɗingishin ka yi. In ka bi shi, zama zai yi. Ja za ka yi. Ka sa kiran ya riga ƙafar kaɗan, yadda sai ta miƙa za ta kamo shi. In ta saba, ka ƙara matsawa."

Duk hanyar dawowa gidanmu a Kurmin Mashi maganar nan nake juyawa. Na san yadda zan haɗa shi. Wanda zai taka ne ban san yadda zan samu ba.

Laraba, 30 ga Yuli

Bari in rubuta wannan tun ban manta da komai ba.

Bayan azahar na ɗauki kwamfuta na shiga ɗakinsa na zauna a ƙasa. Ban kunna sauti ba. Na buɗe takunsa na ranar da na naɗa, ba kiɗa, alamomi kawai a kan layuka. Na ce, "Baba, wani awo ne ya gagare ni."

Yana jan carbi, ko kallo ban ishe shi ba. Na yi zamana. Ƙafata har ta fara sagewa, sai na ji ya ce, "Miƙo tabarau."

Ya sa, ya sunkuyo. Ya nuna da yatsa. "Wannan layin fa?" Na ce inda ya kamata ƙafa ta sauka. "Wannan alamar?" Na ce inda ta hagu take sauka. Ya daɗe yana kallon tsakaninsu.

"Tazarar nan ta yi yawa. Wa ya auna?"

Na ce ni.

"Shi ya sa. Sau nawa ka auna?"

Na ce sau ɗaya.

Ya cire tabarau ya dube ni kamar na zubar da mutuncin gidanmu. "Sau ɗaya! A ina aka taɓa kafa alamar iyaka da awo ɗaya? A sake."

Na ce Baba, ai ba za a iya sakewa ba sai an taka.

Ya san ya faɗa rami, na san ya sani. Muka kalli juna. Sai ya ce, "Ba ni sandata."

Ya taka, na naɗa, ya ce a sake, ya taka, na naɗa. Da muka duba, tazarar ta ma fi ta da faɗi, saboda zaman da ya yi. Bai musa ba. Ya ce, "To. Yanzu mun san inda muke." Sharaɗinsa biyu: kar ya ƙara jin takalminsa a ciki, kuma kar wani kunne ya ji in ba nasa ba.

Da na fito na tarar da Umma a bayan labule, ta toshe baki da gefen mayafi.

Asabar, 2 ga Agusta

Na shiga Babbar Kasuwa na sayo masa abin kunne, ƙarami, wanda hula za ta iya rufewa.

Sabon kiɗan: bugun dama yana kan layi daram, yadda yake so. Kiran hagu na ajiye shi tsakanin layin da inda ƙafar take sauka, ya riga ta kaɗan. Gab da shi na sa ɗan kacau-kacau siriri, kamar numfashin da mutum yake ja kafin ya kira suna, don ƙafar ta san ana zuwa. A ƙasa kuma na shimfiɗa wani kauri mai dusashewa in bugu ya sauka, ya sake kumburowa kafin na gaba. Da na gwada a kunnena ji na yi kamar ana ɗan tura ni ta baya.

Baba ya sa, ya yamutsa fuska. "Wannan gurnanin na ƙasa fa?" Na ce injin agogon ne. Ya dube ni ya daɗe. Baba ba yaro ba ne.

"Bar shi," ya ce.

Laraba, 6 ga Agusta

Yanzu kowace safiya bayan ya sha koko sai ya sa tabarau: "Kawo mu gani." A taka, a auna, ya ce, "Matso da shi." Na zama ɗan riƙe masa igiyar awo, kuma ba na jin haushi.

Litinin, 11 ga Agusta

Malama Atika ta lanƙwasa gwiwar ta yi murmushi. Baba ya yi mata bayanin tazara tiryan-tiryan, kai ka ce shi ya ƙirƙiro dabarar. Na bar masa.

Alhamis, 14 ga Agusta

Saura ƙiris mu yi ɓarna.

Tazarar ta ragu sosai, sai Baba ya ƙosa. Ya ce in ɗora kiran hagu kan layi gaba ɗaya a huta. Na ce Baba da sauran lokaci. Ya ce shi zan koya wa awo? Na ɗora. Da na saurara kafin in ba shi, irin kiɗana ne na da, fes, a miƙe, ba rai.

Bai yi nisa ba ƙafar ta harɗe. Ya tafi zai kifa, na tare shi da ƙirji. Ban taɓa ɗaukar nauyin Baba gaba ɗaya ba sai yau. Ashe ya rame haka. Tsoro ya kama ni sosai.

Na zaci shi ke nan, mun koma gidan jiya. Ya zauna yana haki, ya cire abin kunnen yana jujjuya shi. Can ya ce, "Wannan ba ya kirana. Umarni kawai yake bayarwa." Ya miƙo mini abin kunnen. "Mayar da shi baya kaɗan. A daji ma haka muke fama, takarda ta ce nan, ƙasa ta ce can."

Ya huta, ya sha ruwa, ya sake tashi.

Laraba, 20 ga Agusta

Na haɗa wa mawaƙiyar nan sabo. Tafi a makare kaɗan, kacau-kacau yana riga, kaurin ƙasa yana numfashi. Ta shigo da jaka a kafaɗa tana cewa sauri take, ta ƙare tana rawa da jakar. Ɗayyabu ya buɗe baki zai yi magana, na ce in ka faɗa sai na fasa maka kai. Ya faɗa: wai ai dama ya gaya mini.

Alhamis, 28 ga Agusta

An kira la'asar, ina ɗaki, sai na ji Baba yana cewa, "Rahmatu, miƙo mini hulata." Umma ta fito tana kallona, ina kallonta.

A ƙofar gida ya tsaya, ya zare abin kunnen ya miƙo mini. "Ba zan tunkari masallaci da abu a kunne ba." Gabana ya faɗi. Bai taɓa yin nisa babu shi a kunne ba. Amma wa zai yi masa musu a kan wannan?

Layi ba tsakar gida ba ne. Ga taɓo, ga ramuka, ga napep. Abin da ban taɓa lissafawa ba kuma shi ne gaisuwa. Mai shago ya fito: "Alhaji! Ikon Allah! Ya jiki?" Masu alwala a bakin hanya: "Sannu Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi!" Kuma Baba ba zai wuce gaisuwa bai amsa ba, ko zai faɗi. Duk amsa ɗaya sai takun ya yanke, ya sake nemo shi da ƙyar.

A bakin kwalbati ya ɓace masa gaba ɗaya. Ya tsaya, sanda a gaba, ƙafar hagu ta manne da ƙasa. Na ga wuyansa ya jiƙe. Mutane biyu suka taso za su kama shi, abin da ya fi tsana a duniya. Ga masallaci ana hango shi.

Ina bayansa ta hagu. Ban yi shawara da kaina ba, sai ji na yi yatsuna suna ƙyastawa a jikin cinyata, a hankali, yadda shi kaɗai zai ji. Dama a kan lokaci. Hagu in riga ta kaɗan, in ja iska ta haƙora gab da ita a madadin kacau-kacau.

Bai waiwayo ba. Kafaɗarsa ce ta fara kamawa. Ya ɗaga wa mutanen hannu alamar su bari. Ƙafar ta ɗago, ta haye.

Muka ci gaba, shi a gaba ni a baya ina ƙyastawa kamar mai kiran kyanwa. Sai na ji ya yi magana ƙasa-ƙasa, bai juyo ba.

"Ka cika sanyi. Ƙara wuta."

Na ƙara.

Muna shiga ana tayar da iƙama. Mutanen sahun gaba suka waiwayo, suka matsa suka buɗe masa wuri, wani ya jawo masa kujera. Ni na tsaya a sahu na biyu. La'asar ba a karatu a bayyane, don haka duk wanda ke kusa da ni ya ji ina jan hanci.

Asabar, 30 ga Agusta

Ɗayyabu ya sa wa wani mawaƙi lokaci da la'asar. Na ce a mayar bayan salla. Ya ce me ya faru, na ce hadari nake gani. Ya leƙa taga, rana tar.

Yau daga gida har masallaci ban ƙyasta ko sau ɗaya ba, hannuna yana aljihu. Baba bai nema ba. Ya amsa gaisuwar kowa, ya haye kwalbati shi kaɗai. Da muka dawo na ji yana gaya wa Umma wai yaron nan ya koma bakin aikinsa haka nan, ya daina wahalar da kansa.

Gobe ma zan bi shi. Kwalbatin nan ba shi da kyau, shi ke nan.